Mai Nutso Ba Ya Tasowa da Gaggawa

Bogotá,
6 ga Fabrairu, 1994

Zuwa ga ƙanena Orvil,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Eulah da yara, da duk wanda ya rage a Freshwater Bay da bai manta da sunana ba. Mu ma nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa ta hagu da ke tashi duk ranar da aka kwana ana ruwa, ga shi garin nan ba ya gajiya da ruwa. Makaranta tana nan yadda ka san ta, yara suna ta yi wa Turanci kisan gilla ina gyarawa.

Auta, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. 'Yarka Corine ce ta ɗebo mini abin da ya fi ƙarfina.

Tun kafin Kirsimeti nake jin gashinta yana warin maganin nan da ake zuba wa ruwan ninkaya, in na tambaya ta ce sabulun asibiti ne. Da yake na san aikin jinya ba ya rabuwa da wari iri-iri, sai na yarda. Ashe duk Asabar ɗin da take cewa tana da aiki, wani wurin ninkaya take zuwa a arewacin gari, ana goya mata tukunyar iska tana zama a ƙarƙashin ruwa kamar kwaɗo. Shekaranjiya ina karyawa ta ajiye mini kati a gaba, har da hotonta, wai ta ci jarrabawa. Ta ce hutunta na bana a tsibirinmu Providencia za ta yi shi, wurin Kawunta, teku za ta shiga.

Na ce, "Ke, kanki ɗaya kuwa? Duk tsayin dutsen nan da na hawo da ke bai ishe ki ba?"

Ta ce, "Haba Mama, ni fa ba kamun kifi zan je ba, gani kawai zan yi. Kuma da Kawu zan shiga."

Na ce, "Ubanki ma ai da mutane ya shiga."

Ba sai na tuna maka ba, kai ka riƙe kan mijina Elbert a cikin kwale-kwale ranar da aka kawo shi. Ya tafi nutson kamun langosta, manyan jatan landen nan na teku, da ƙafafunsa, ya dawo ƙafafun ba su san shi ba, kwana uku ya cika. Corine tana 'yar shekara biyar. Ban bar tsibiri don ina ƙin ku ba. Garin da ya fi nisa da teku na nema, a tsaye da a kwance, na kawo ta. Kusan shekara ashirin ina shan sanyi ina cin dankali don kada yarinyar nan ta ji ƙamshin ruwan gishiri, yau ga abin da ta saka mini da shi.

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi mata gaba, ko gezau. Amma maganarka tana jin ta fiye da ta Fasto. Ka rubuto mata ka ce injinka ya mutu, ko ka ce manyan kifayen nan masu haƙora sun cika wurin bana, ko ka ce ka tsufa ka daina. Ƙarya ce, na sani, zunubin a wuyana. Ni na goya ka, Auta, ni na wanke maka kashi, kuma ban taɓa roƙonka komai ba sai yau.

Ita kaɗai gare ni.

Yayarka,
Ardith

*

Freshwater Bay, Providencia,
3 ga Maris, 1994

Yaya Ardith,

Wasiƙarki ta iso bayan ta gama yawonta a hanya, ina jin ita ma ciwon gwiwa take. Muna nan lafiya ƙalau. Eulah lafiya, ta ƙara ƙiba, ta ce in gaya miki ƙarya nake. Yara lafiya. Miss Ina ta ofishin waya lafiya, har yanzu sai ta yi wa mutum wa'azi kafin ta haɗa masa layi. Injina lafiyarsa ƙalau, Allah ya tsare shi daga bakinki. Akuyata Reina ta yi tari makon jiya amma ta warware, ta kuma haifi biyu.

To Yaya, kashin da kika wanke na gode, amma ƙaryar nan ba zan yi ta ba. Kuma ba tsoron zunubi ne ya hana ni ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: 'yar Elbert ce, taurin kan kuma naki ne. In na ce mata a'a, tsibirin San Andrés za ta tafi ta faɗa hannun wani ɗan gayu da jiya-jiya ya karɓi takardarsa, ya zunduma ta a ruwa tare da tarin baƙi, shi hankalinsa yana kan 'yan mata. Gara ta shiga da ni, idona a kanta.

Bari kuma in faɗa miki abin da na daɗe ina son faɗa. Ba teku ne ya kashe Elbert ba, gaggawa ce da rashin sani. A lokacin wa ya koya mana wani abu? Mutum ya sauka gaba ashirin, ya sake, ya sake, sai ya ji iska ta ƙare sannan ya harbo sama da gudu. Yanzu ba haka muke yi ba. Akwai agogo, akwai ma'aunin iska, akwai igiya. A hankali muke tasowa, in ya rage gaba uku mu kai sama sai mu kama igiya mu tsaya, ba abin da muke yi sai kallon juna, har jiki ya saki iskar da ya sha a ƙasa. Shekarun nan da na yi ina shiga da baƙi, har da wata tsohuwa 'yar Kanada mai haƙoran roba, ban taɓa dawowa da kowa a kwance ba.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ga abin da za ta yi. Kada ta zo yanzu, iskar arewa ba ta gama haukanta ba, ruwa duk ya gurɓace. Ta bari sai Mayu, teku ya kwanta kamar ruwan randa, lokacin kuma ƙaguwa ke saukowa daga tudu, ta ga yadda ake tare hanya dominsu. Ta je likita ya saurari ƙirjinta ya leƙa kunnenta, kada ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce ta san jikinta. In akwai haƙori mai rami ta cike shi, ƙaramin rami a sama babban ciwo ne a ƙasa. Mura kuwa, in ta taho da ita daga sanyin nan naku, a kan baranda za ta ƙare hutunta tana kankare wa Eulah kwakwa. Ba na shiga ruwa da mai toshewar hanci, ko 'yar gwamna ce.

Tabaran ruwa ta sayi nata a can. Ta ɗora shi a fuska ba ta sa maɗaurin ba, ta ja numfashi ta hanci. In ya manne nata ne, in ya faɗo ta bar musu abinsu komai kyansa. Sauran kaya duk ina da su. Jaka ƙarama za ta ɗauko, kin tuna ƙaramin jirgin da ke tasowa daga San Andrés har mutum suke aunawa. Ta zo da hula mai faɗi, fatar nan tata ta manta da rana.

Na ƙarshe shi ne babba, ki karanta shi sau biyu. Kada a yanka mata tikitin dawowa mai rana a kai. Daga nutson ƙarshe zuwa shiga jirgin sama sai an bar yini da kwana cur, balle ga mai komawa kan dutse irin naku. Hawa sama ma tasowa ce, jiki bai san bambanci ba. Teku kuma ba ya bin kalanda, ban san ranar da za mu yi na ƙarshe ba. Ki bar mini zaɓen ranar tafiyarta.

Ke ma, Yaya, ɗakinki yana nan. Eulah ta mai da shi ma'ajiyar kwakwa, amma share shi ba wuya. Mangwaron da Baba ya dasa ya yi 'ya'ya bana har reshe ya karye.

Ƙanenki,
Orvil

*

Bogotá,
24 ga Afrilu, 1994

Auta,

Ina gaishe ku duka, har da akuya, tunda ita ma ta shiga dangi. Ni lafiya, gwiwa da sauƙi. Na daɗe ban ba ka amsa ba don fushi nake da kai, kuma so nake ka sani.

Na roƙe ka abin tsoratarwa, ka aiko mini da jerin sayayya. Tsautsayi ya sa na bar wasiƙar a kan tebur, Corine ta karanta, ta yi ta tsalle har matar da ke ƙasanmu ta buga mana silin da sandar tsintsiya. Ta je likita, ta cike haƙori, ta sayi tabarau. Jiya na fito na same ta a kicin sanye da shi tana yanka albasa, wai gwaji take. Dariya ta taso mini, na tuna fushi nake, na koma ɗaki na yi ta a can.

Maganar Elbert da ka yi na karanta. Ba zan ce komai a kai ba. Kai ka san gaba nawa ne da agogo nawa ne, ni abin da na sani shi ne na ba teku mutum a tsaye ya dawo mini da shi a kwance. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Na haƙura ta zo. Amma zancen nan naka na ƙarshe, na karanta shi sau biyu yadda ka ce, kuma sau biyun na harbo jirginka. Wai kada a sa ranar dawowa, kai za ka zaɓa. Orvil, ni za ka yi wa wayo? Yau ka ce teku bai kwanta ba, gobe Eulah ta ɗora tukunyar rondón, miyar nan tata ta kifi da kwakwa, jibi a ce ga ɗan wane mai kwale-kwale yana gaishe ta, gata in ji wai asibitin tsibiri yana neman ma'aikaciya. Haka kuka yi wa malamin nan ɗan Medellín da ya zo hutun mako guda, yanzu jikoki gare shi a Bottom House. Sannan ka liƙa mini zancen ɗaki da mangwaro a ƙarshe, ka ɗauka ban hango ƙugiyar a cikin tanar ba.

Mutum in ya fito daga ruwa ya goge jikinsa ai ya fito. Saboda haka ni da kaina na je na yanki tikitin. Za ta sauka wurinku ran Lahadi takwas ga Mayu, ta bar tsibiri da jirgin farko na safiyar Asabar. Ku yi nutsonku har Juma'a, daga teku sai jirgi, daga jirgi sai gadonta. Duk sa'ar da ta ƙara kusa da ruwan nan daga kwanana ake cire ta. Zan tsaya a filin jirgi da bargonta ina jira.

Zan ba ta cuku ta kawo muku, da maganin ɗigawa na idonka, da yadi na Eulah. Ka riƙe mini hannunta, Auta. Ko ta ce ka sake ta, kada ka saki.

Yayarka mai fushi da kai,
Ardith

*

Asabar, filin jirgi

Yaya,

Wasiƙarki sai jiya da yamma ta iso, bayan mun fito daga ruwa. Corine ba za ta hau jirgin yau ba, ni na hana. Na je in buga miki waya, rana ta riga ta faɗi, Miss Ina ta kulle ta tafi da makulli, kin san 'yan cocin Asabar ba sa taɓa aiki sai rana ta sake faɗuwa. Mista Howard mai kanti yana cikin jirgin, shi zai miƙa miki wannan a ƙofar fita. Jirgi zai tashi. Kada ki ɗaga hankalinki.

Orvil

*

Bogotá,
18 ga Mayu, 1994

Kawuna na kaina,

Na iso lafiya. Ka ga da abin da na fara, ka koya. Kunnuwana lafiya, ƙafafuna lafiya, bayana ne kawai ke saɓa, abokan aikina suna ta tsokanata wai na tafi mutum na dawo maciji. Ina gaida Anti Eulah da yara da Reina.

Kawu, ka yi haƙuri da ɓoye maka ranar jirgina da na yi. Na san ƙa'idar, an koya mana. Amma iska ta hana mu zuwa wurin da Baba ya yi nutsonsa na ƙarshe har Juma'a, na san kuma in na buɗe baki za ka ce a fasa. Ba zan manta fuskarka ba da ka gama karanta wasiƙar Mama a kan baranda, ka sauke tabarau ka ce, "Corine, zo nan. Yaushe ne jirginki?" Na ce maka garau nake jin kaina. Ka ce, "Ubanki ma garau ya hau kwale-kwale, har burodi ya ci." Na yi fushi da ka cusa tikitina a cikin hularka ka mayar da ita kanka. Yanzu na huce, na gode.

Ga abin da ba ka gani ba. Ran Lahadi ina saukowa daga ƙaramin jirgi a San Andrés, sai na hango wata mata da kwat ɗin sanyi da takalmin coci, rungume da bargo, a cikin zafin nan. Na ce, "Mama!" Durƙusawa ta yi a gaban mutane ta kama ƙafafuna tana matsawa, daga gwiwa har idon sawu. Ta mintsine ni ta ce, "Kina jin wannan?"

Na ce, "Ina ji mana Mama, da zafi!"

Ta koma ɗayar ƙafar. "Wannan fa?"

"Mama, zan yi ihu fa."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Da ta gama ta miƙe ta maka mini bargon a ka.

Laifinka ne, Kawu. Ta ce tunda ka iya riƙe biro ba ka taɓa rubuta mata wasiƙar da ba ka lissafa lafiyar kowa ba, har akuya. Wannan kuwa ba gaisuwa, ba kalmar lafiya ko ɗaya, sai "kada ki ɗaga hankalinki." Ta ce haka aka ce mata a bakin gaɓa ranar da aka kawo Baba. Ta tambayi Mista Howard, shi kuma ya ce shi dai takarda aka ba shi, bai ga yarinya ba. Gida ma ba ta koma ba, a filin jirgi ta kwana tana jiran jirgin safe. Shi ya sa wayar da ka buga da Miss Ina ta buɗe ba wanda ya ɗauka.

Muna zaune ina ba ta ruwa, sai aka yi kiran masu zuwa Providencia. Na ga ta juya tana kallon jirgin ta taga. Na ce, "Mama, ga shi nan kusa, kafin ki gama addu'ar tashi an sauka."

Ta ce, "Ina da makaranta gobe."

Na ce, "Zan gaya wa shugaba ba ki da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba."

Ta ce, "Ban zo da kaya ba."

Na ce, "Kin zo da bargo."

Ta harare ni. Can sai ta ce, "Zuwa kawai zan yi in ja kunnen Kawunki in dawo." Da ita da bargon aka ɗora a sikeli.

To yaya kunnen, yana nan? Ka rubuto mini, gidan nan ya yi mini faɗi. Ban gaya mata abin da na gani a wurin Baba ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kai ma akwai abin da ban gaya maka ba. Da muka kama igiya muna tsaye, ka yi ta nuna mini in fitar da ruwan da ya shiga tabarauna. Ba ruwan teku ba ne, Kawu.

Tabaran yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin kwakwa. Ba mantuwa na yi ba.

'Yarka,
Corine

*

Freshwater Bay,
29 ga Mayu, 1994

Corine 'yata,

Ina gaishe ki. Ni lafiya ƙalau, Kawunki lafiya, kunnensa na dama ya ɗan yi ja amma yana ji da shi. Eulah lafiya, ta sa ni a gaba da rondón safe da yamma, rigarta da ta ara mini har ta fara zama daidai. Gwiwata ta daina ciwo tun da na zo, kada ki gaya wa Kawunki, bakinsa ba zai rufu ba. Bargonki kuma ki cire rai, 'ya'yan Reina sun gaje shi.

Ranar da na sauka na ce wa direba ya yi sauri, ina da kunnen da zan ja. Ba mu yi nisa ba ya taka birki ya kashe mota. Ƙaguwa ce ta cika hanya baƙi ƙirin, suna gangarawa teku. Na ce ya bi ta kansu mana. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Miss Ardith, ashe da gaske kin daɗe ba kya gida." Kunya ta kama ni, na zauna muka jira.

Bayan na gama da kunnen, Kawunki ya miƙe. Ya shiga ciki ya fito da lemon kwalba biyu, ya girgiza su duka. Ɗaya ya buɗe ta a hankali, tsit, tsit, yana dakatawa, har ta yi shiru ya miƙo mini. Ɗayar ya fizge marfin gaba ɗaya, ta yi mini wanka a rigar coci. Na buɗe baki zan zage shi, ya ce, "Yaya, wannan Elbert ne. Da kuma Corine ce, a jirgin Asabar."

Lemon nan ban iya shan shi ba. Corine, ni na yi layi na yanki tikitin nan da hannuna, ina murna na raba ki da haɗari. Garin gudun gara na kusa kai ki gidan zago. Tsoro ne ya rufe mini ido.

Ran Alhamis teku ya kwanta. Kawunki ya ce in raka shi, wai ba shi da mai kwashe masa ruwa a kwale-kwale. Na san ƙarya yake, na shiga. Muka wuce bakin murjani, ya kashe inji, ya ce, "Nan ne." Sai ya zaro tabaranki daga aljihu.

Na ce, "Auta, kada ka soma."

Ya ce, "Ba shiga za ki yi ba, leƙawa kawai. Ai ko gidan maƙiyi ana leƙawa."

Na kama bakin kwale-kwale, shi ya kama tsintsiyar hannuna, na sunkuya na tsoma fuska. Na ɗago a firgice na ce ya sake ni mu tafi. Ya ce, "Wata ta rubuto mini ta ce ko an ce in saki kada in saki." Na sake tsomawa.

Duk shekarun nan baƙin rami nake gani in na rufe ido. Ashe haske ne a wurin. Rana tana sauka har kan yashi, ga murjani mai kamar mafici yana kaɗawa, ga ƙananan kifaye ruwan ɗorawa suna ta kai-komo, kowa da sabgar gabansa. Wani tsohon kunkuru ya wuce, ko kallo ban ishe shi ba. Ubanki yakan dawo yana ba ni labarin abubuwan nan, ni kuwa in ce masa launi ba ya cika tukunya, ya wanke ƙafa kafin ya shigo mini ɗaki. Ban taɓa leƙawa ba ko sau ɗaya.

Da farko haushi na ji, wurin da ya cinye mini miji a ce ya yi kyau haka. Daga baya haushin ya tafi, kewarsa ta zo, irin wadda ban bar kaina na yi ba tunda na ɗauke ki muka hau jirgi. Na gaya wa ubanki kin zama ma'aikaciyar jinya, kina da taurin kai, kuma ba wurina kika gado ba. Kawunki ya ce kumfa kawai ya ga tana tashi.

Jiya ya tambaye ni ranar da zai yanka mini tikiti. Wai, "Ai ke ba nutso kika yi ba Yaya, fuska kawai kika tsoma, ko gobe kina iya tafiya." Na ce masa, "Kai ka san zurfin da na je?" Ya ci gaba da gyaran ragarsa.

Na rubuta wa shugabar makaranta, hutun tsakiyar shekara ma ya kusa. Ki riƙa zuba wa furannina ruwa, ki ci abinci mai zafi, kada ki kwanta da jiƙaƙƙen gashi. Kuma kada ki je filin jirgi tarata tukuna. Sau ɗaya na taɓa barin tsibirin nan da gaggawa, na kuwa ji a jikina. Wannan karon na kama igiya, a hankali zan taso.

Mamanki,
Ardith